Gaya Wa Wancan

Ranar wata Asabar ce da hantsi, makon farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya sauko daga motar Kano a bakin titin Tiga rungume da wani kwali. Ina tsugune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu muna carafke da ƙawayena, lallen Sallah ma bai gama barin hannunmu ba, na hango shi. Na watsar da duwatsun na ruga tarye. Bai ba ni kwalin ba, ledar burodi ya miƙo mini, yaran mota kuma suka biyo shi da wani ƙaramin janareta suna nishi. A kan bencin rumfar aikinsa ya sauke kwalin, ya yi bismilla ya buɗe. Zarton inji ne, ɗan gwanjo, fentinsa ya koɗe, yana da mariƙi biyu da doguwar waya da wani faifan ƙarfe mai haƙora zagaye da shi, bai fi faifan da Inna ke rufe ƙwaryar fura da shi ba. Kafin ka ce kwabo rumfar ta cika, masunta da 'yan acaɓa da yara kowa na leƙe. Yayana Sule yana tsaye jikin turken rumfa, yana ta goge tafinsa a wando, idonsa a kan injin ko ƙiftawa ba ya yi. Baba bai dubi inda yake ba. Ni ya duba, ya ce, "Ke Aku, matso nan ki buɗe kunnenki."

Aku ba sunana ba ne, sunana Binta. Baba ne ya laƙaba mini saboda bakina ba ya hutawa, kuma duk abin da aka faɗa a gabana sai na maimaita shi har da tarin da mai maganar ya yi a tsakiya. Ni ce auta, Sule ne ɗan fari, a lokacin gemu ya fara tsiro masa. Gidanmu na cikin gidajen da aka tayar lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu, tun ba a san za a haife ni ba. Gonakin kakanni suka tafi ƙarƙashin ruwa, mutanenmu suka koma su da noman rani. Baba kuwa katako ya kama. Yana saurayi ya yi leburanci a wurin kafintocin ma'aikatar ruwa, can ya koyi sana'ar, can ya fara ganin zarton inji, can kuma ya ga abin da yake yi wa mutum in an yi sake. Yana yin ƙofa da taga da bencin makaranta, amma abincinmu na gaske a jikin kwale-kwalen masunta yake. Kullum akwai jirgi ɗaya ko biyu a kife a gaban rumfar, ga warin kwaltar da ake toshe tsaga da ita, ga dusar katako har idon sawu. Da zarton hannu yake tsaga falanki, shi a sama Sule a ƙasa, tun safe har rana ta take. Sai kafaɗarsa ta dama ta fara ƙi. Kullum da yamma Inna na gasa masa ita da ruwan zafi yana cije baki. Shi ya sa ya sayo injin, kuma duk wanda ke rumfar nan ya san ba don kansa ya sayo ba, don Sule ne.

To, a nan gizo yake saƙar. Baba ba ya magana da Sule. Ba faɗa suka yi ba, kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. Ga shi kuma sunan mahaifin Baba aka sa masa, Sulaimanu, abin ya zama biyu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin Baba ko na Inna ba, ko da Sulen da kowa ke faɗa. Inna takan ce "yayanku", Baba kuwa "wancan" ko "yaron nan". Tun da aka yaye shi Kaka ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, ita ce mai yi masa wasa da faɗa da kirari. Da ta rasu ya dawo wajenmu da tabarmarsa kamar baƙon da mota ta lalace masa. Sana'ar ma da ido ya koya, ba da kunne ba. Su yini a rumfa ɗaya, katako ɗaya a tsakaninsu, in Baba yana son guduma sai ya ce da iska, "Ina gudumar nan ta shiga ne?" sai ka ga guduma ta sauka a gefensa. Mutanen gari suna yaba wa Baba da wannan, suna cewa Malam Iro mutum ne mai kara. Mu ma ba mu ga abin a matsayin wani abu ba. Haka muka tarar, haka ake yi a gidaje da yawa a layinmu.

Amma zarton hannu daban, na inji daban. Wannan ba a koyonsa da ido kawai, Baba kuma ya fi kowa sani. Sai ya samo dabara: ya zaunar da ni, yarinyar da ko ɗaga injin ba ta iya yi, ya shiga koya mini da murya sama, yadda na bakin titi ma zai ji. Ya ce kafin a taɓa faifan nan, ko share shi za a yi, sai an zare waya daga jikin janareta an ajiye kanta inda ido ke gani, domin makunni ba shi da amana. Ya nuna mini wani ɗan kunnen ƙarfe da ake sassautawa a ɗaga faifan ko a sauke shi, ya ce kada haƙoran su leƙo ƙarƙashin katako fiye da ƙwayar masara, abin da ya wuce haka ba katako yake nema ba. Ya ɗora falanki a kan benci ya matse shi da ƙarfe, ya bar guntun da za a yar yana reto a waje. Ya ce kada a kuskura a ɗora katako bakinsa biyu a kan benci biyu a yanka tsakiya, don in ya lotsa zai cije faifan, inji kuwa in aka cije shi baya yake harbi kamar jaki, kuma ba ya tambayar abin da ke bayansa. Saboda haka hannu biyu a kan mariƙi, mutum ya tsaya a gefe, hannun riga a naɗe. In tsohon katakon jirgi ne a bi shi a zare ƙusoshi tukuna.

Daga ƙarshe ya kifa injin ya nuna mini wani murfin ƙarfe mai lanƙwasa da ya rufe haƙoran ta ƙasa. In an tura inji cikin katako sai murfin ya ja da baya da kansa, in an fito ya dawo ya rufe. Baba ya ja shi da yatsa ya saki, ƙaras. Ya sake ja ya saki, ƙaras. Ya ce kullum in an tashi daga aiki a goge shi da tsumma da kananzir, don dusa ba ta barinsa ya yi motsi. Ya ce, "Duk ƙarfen nan, murfin nan ne kaɗai masoyin mai shi. Kin ji?" Na ce na ji. Ya ce, "To, gaya wa wancan." Wancan ɗin kuwa yana tsaye, in ya miƙa hannu zai taɓa rigar Baba. Ni ko kunya, na juya na gyara tsayuwa na zuba masa karatun tas, har da yadda Baba ke ɗaga gira. Rumfa ta kwashe da dariya. Sule ma ya yi murmushi, amma kansa a ƙasa.

Watannin farko abin sai hamdala. Aikin da ke cin yini sai ya ƙare kafin a kira azahar. Ƙarar injin takan kai har makarantarmu, ina cikin aji ana jimlar lissafi sai in ji ta, in zunguri ta kusa da ni in ce namu ne. In an tashi ba na tsayawa 'yar gala-gala, gida nake yi a guje in ajiye jaka, in ɗauki buhu in kwashe dusa. Inna na danna ta a gwangwani ta yi girki da ita, matan masu bandar kifi kuma suna aiko yara a ɗebar musu, su ba ni tukuicin ƙaramar karfasa mai zafi. Guntayen katako mu kwasa mu yi wa 'yan tsananmu gado da kujera. Sule ya iya injin fiye da yadda kowa ya zata, hannunsa ba ya rawa, layinsa miƙe yake kamar an ja da zare. Na sha ganin Baba ya bari sai Sule ya tafi sallah, sannan ya ɗauki falankin da ya tsaga ya kanne ido ɗaya ya duba bakinsa, ya shafa, ya gyaɗa kai. Wannan bai taɓa cewa in gaya wa kowa ba. Gyara ne kaɗai ake aiko ni da shi: wancan ya sauke faifai da yawa, wancan ya bar waya a gabansa, wancan ya ajiye inji bai gama tsayawa ba. Ni kuma baki abin magana, in isar har da ƙari.

Sannu a hankali Sule ya daina murmushi in ya hango ni. Kai ma ka duba, saurayi da gemunsa, abokansa na zaune a kan jirgi suna hira, sai ga wata 'yar ficiciya da majina ta zo ta riƙe ƙugu tana koya masa sana'arsa. Suka sa mini Shugabar Kafintoci. Ina tahowa za su fara cewa ga saƙo ya iso, a gyara zama. Wata rana na kai masa abinci a rumfa ba kowa, ya karɓi kwanon bai buɗe ba, ya tambaye ni ko Baba ya taɓa cewa aikinsa ya yi kyau. Na ce bai faɗa ba, amma yana shafa katakon. Ya dube ni ya ce, "Katakon dai." Ya buɗe kwanonsa ya hau ci. A shekaruna na lokacin ban gane duka ba, amma na koma gida ban yi surutun da na saba ba.

Da damina ta sauka katako ya zama ɗanye, dusa ta koma kamar ƙullu. Murfin nan ya fara maƙalewa. In Sule ya zo shiga katako sai ya ƙi ja da baya, sai ya tsaya ya ɗaga shi da yatsa, aiki ya yi ta tsayawa. Gogewar da aka ce kullum kuwa, yaro da gajiya da sauri ya tafi ƙwallo, yau a yi gobe a manta. Wani abokinsa da ya taɓa zama wajen 'yan katako a birni ya ce masa ai can ba mai barin wannan abin, ɗaure shi ake yi. Sai Sule ya samo guntuwar wayar ƙarfe ya ja murfin baya ya ɗaure shi tam, haƙoran suka fito fili. Ni na fara gani. Na ce masa Baba ya hana, ya ce in ɓace masa da gani. Da Baba ya gani bai ce uffan a rumfa ba, sai da ya shigo gida ya kira ni, fuskarsa yadda ban taɓa gani ba, ya ce in gaya wa wancan ya kwance abin da ya ɗaure. Na je na faɗa. Sule ya kwance a gabana, ina juya baya ya mayar.

Haka aka shiga wani irin faɗa da ba a jin ƙararsa. Baba in ya dawo daga sallar asuba sai ya biya ta rumfa, ya kwance wayar ya jefa bayan katanga, ya goge murfin da kananzir ya ajiye. Sule ya fito, aiki ya yi aiki, kafin azahar dusa ta sake cushewa, ya nemo wata wayar. In Baba na nan ya haƙura, in Baba ya ba da baya ya ɗaure. Ni ce ƙwallon tsakiya. In je can a harare ni, in dawo nan a sake aika ni. Na ƙara murya, na yi kuka, na yi barazanar zan ɓoye injin, wa ya ji? Maganar da ta fito daga bakin uba tana da nauyi, amma in ta biyo ta bakin Aku, kafin ta isa ta zama wasa. Na samu Inna tana tankaɗe na ce ta yi wa Yaya magana, zai yanke. Ta ce in rufe mata baki kada in yi masa mugun fata, ta ci gaba da tankaɗenta, amma na ga garin na zuba a ƙasa ba ta lura ba. Wata rana na yi ta maza na ce da Baba, "Baba, ka faɗa masa da kanka mana, ni ba ya jin tawa." Ya dube ni. Na ɗauka mari zai biyo. Sai ya ce ba a haka, ya ɗauki butarsa ya fita. Da Kaka na raye da magana ɗaya ta gama komai. Kaka ba ta nan, mu kuwa da muke nan kowa bakinsa a ɗaure, ban da ni da nawa ba ya da amfani.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, dam ya cika har ya taɓo gonakin bakin ruwa. Wani masunci, Malam Tanko, ya kawo jirginsa da gindinsa ya ruɓe, kullum yana rumfa yana magiya a yi sauri, kifi na wuce shi. Da la'asar na raka Baba bakin ruwa ya auno wani jirgin, ina riƙe masa da abin awo da fensir. Muna dawowa tun daga nesa muka ji janareta. Muka karyo kwanar masallaci, rumfar na tsallaken titi, Sule ya ba mu baya. Abin da Baba ya gani ni ma na gani, don duk karatun a kaina yake. Dogon falanki ne a kan benci biyu, Sule yana yanka tsakiya. Hannun dama kawai ke kan injin, na hagu ya dafe katakon ta bayan inji don kada ya yi rawa. Ga wayar nan a jikin murfi tana ƙyalli. Katakon ya fara lotsawa.

Baba ya tsaya cak. Hannunsa ya damƙi kafaɗata har na ji zafi. Na ɗaga kai na ga ya buɗe baki, ya ja numfashi, na ga leɓensa ya haɗu zai fito da wani abu. Sai ya sunkuyo kaina ya ce, "Ruga, ki gaya wa..." Bai ƙarasa ba. Kukan injin ya canza, ya yi wani gurnani, sai gau. Na ga zarton ya yi tsalle baya, na ga Sule ya durƙusa ya rungume hannunsa a ciki. A nan ne Baba ya kira shi. "Sulaimanu!" Ban taɓa jin murya irin wannan a bakinsa ba, kuma ban sake ji ba. Ya tsallaka titi takalmi ɗaya a ƙafa, ni kuwa na biyo shi a guje da fensir a hannu.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tuna shi. Injin na kwance a ƙasa yana juyi yana watsa dusa, sai da Malam Tanko ya kashe janareta. Baba ya fizge mayafina ya naɗe hannun ya ɗaga shi sama, farar rigarsa ta rine. Sule bai yi kuka ba, salati kawai yake maimaitawa, idonsa a kan fuskar Baba. Aka tsayar da babur, aka sa shi a tsakiya, Baba a baya ya rungume shi a gaban kowa da kowa, abin da bai yi ba tun ranar suna. Daga asibitin kusa aka tura su Kano. Yatsu uku na hannun hagu suka tafi, har da babban, kuma kafinta da hagu yake riƙe ƙusa.

Inna ta leƙo zaure lokacin da ake ɗora shi a babur, ta koma ciki. Sai da mutane suka watse ta fito da wani farin ƙyalle, ta durƙusa a rumfa tana laluben dusa da hannunta. Ta ce in koma gida, na ƙi. Ta tsinto yatsun, ta wanke, ta naɗe, ta kira wani dattijo maƙwabcinmu ta roƙe shi ya kai maƙabarta ya binne. Mata suka yi ta shigowa jaje. In sun ce yaya mai jiki sai ta ce, "Da sauƙi, aka ce," kamar ɗan wata unguwa ake tambaya. Ko hawaye ɗaya ba su gani ba. Suna fita ina jin su a zaure suna yabonta, wai wannan baiwar Allah akwai kara. Wallahi ranar na ji kamar in kwashi dusar nan in watsa musu. Inna ba ta je asibiti ba, ba a haka. Kunu take damawa ta yi farfesun kifi ta ba 'yan mota, ta ce a kai wa mutanen asibiti. Ita kuwa abincinta sai dai kaji su ci. Na ji tsoro, na ji haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa. Kowa ya zo sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu ce haka ne.

Da suka dawo na zaci komai ya canza. Na zaci tunda sunan ya fito sau ɗaya, hanya ta buɗe. Ina. Washegari Baba ya miƙo mini ƙullin magani ya ce in kai wa wancan. Sule ya ba ni labari daga baya cewa duk zamansu a asibiti Baba a baranda ya shimfiɗa tabarma, shi ke wanke masa kaya, shi ke tare ma'aikata yana tambayar yaya yaron, amma bakin gadon sai in yana barci. Injin kuwa Baba ya ci gaba da aiki da shi da kafaɗarsa mai ciwo, don ba yadda za a yi, da shi muke ci. Sule ya gwada komawa rumfa, ƙusa ta yi ta zame masa tana faɗuwa cikin dusa, rannan ya ajiye guduma ya fita bai sake ɗauka ba. Ya koma sarin bandar kifi yana kaiwa Kano. Allah ya rufa masa asiri, ya yi aure ya hayayyafa. Hannun kullum a aljihun riga yake, ko ana zafi. Ni kuma aike ya ragu, surutu ma ya ragu, har malamarmu ta tambayi ko ba ni da lafiya.

Shekara da shekaru ina lallashin kaina da abu ɗaya. Nakan ce ai ko da Baba ya kira shi tun farko ba zai ji ba, ga janareta ga zarto ga faɗin titi. Da wannan nake samun barci, da shi kuma nake wanke Baba a zuciyata. Bayan rasuwar Baba, da aka gama zaman makoki baƙi suka watse, muka zauna ni da Yaya Sule a kan wani tsohon benci a rumfar, ni da goyo shi da furfura. Muka yi hirar Kaka, muka yi ta Malam Tanko, muka yi dariyar Shugabar Kafintoci. Ban san lokacin da tambayar ta suɓuce mini ba. Na ce ranar nan, da Baba ya kira shi, ya ji kuwa? Ya dubi titi. Ya ce, "Na ji mana. Da janareta da komai, kamar a cikin kunnena aka faɗa. Sai da na waiga in ga ko wane ne, don ban san yadda sunan yake a muryarsa ba." Mu duka mun san sauran maganar, kuma wanda za a faɗa wa ita yana ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu in na je Tiga ba na gane ƙofar gidanmu sai na duba da kyau. An sare darbejiyar, inda rumfa take shagon cajin waya ne. Samarin unguwa suna saɓa 'ya'yansu na fari a wuya suna yawo da su kasuwa, suna kiran sunansu gatsau, tsofaffi na taɓe baki suna cewa zamani ya lalace. Ni ma tawa ta fari sunanta nake kira, tun safe har dare, har surukata ta gaji ta daina yi mini tsiya. Yaya Sule yana kiran babban ɗansa da suna, amma ƙasa-ƙasa, sai ya ɗan waiga tukuna. Duk da haka in na ji ƙarar zarto a wani lungu a birni sai in tsaya, in ji warin kwalta da kananzir, in ji ina so in koma in tarar da su biyun a rumfa, katako ɗaya a tsakaninsu, ba mai duban wani. Ba na iya cewa mutanen da ba su san so ba, don na ga wanda ke fita da asuba yana goge murfin ƙarfe saboda ɗan da ba ya iya duban idonsa. Na shaida Baba ya ƙaunaci ɗansa. Bakinsa ne ya makara.